MARARRABUN TARIHIN KANO DAGA BAGAUDA ZUWA RUMFA: WAIWAYE TA FUSKAR DAULAR RUM

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi, ya bi hanyar Zariya ya nufi cikin birni ta Ƙofar Nasarawa, to ba makawa sai ya ratsa layin da ganuwar Kano ta bi, ko da kuwa bai lura ba. A yau unguwannin da ke bayan ganuwa sun fi na cikinta yawa nesa ba kusa ba, kuma a wurare da dama babu abin da ya saura na badala sai tudun jar ƙasa. Amma wannan tudu da muke wucewa a gurguje shaida ne na ɗaya daga cikin manyan al'amuran da suka mai da Kano birni.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba mararrabu huɗu a tarihin Kano, tun daga zamanin Bagauda har zuwa rasuwar Muhammadu Rumfa a 1499. Abin da muke nufi da mararraba a nan shi ne lokacin da al'umma ta bar wata hanya ta kama wata, ta yadda ba ta sāke komawa yadda take a da ba. Domin mu fahimci ma'anar sosai, za mu fara leƙa Daular Rum ta Gabas, wadda Turawa suka laƙaba wa suna Bizantiya daga baya. Dalilin zaɓenta shi ne, ita ma daula ce da ta dogara ga birni guda mai ganuwa, kuma ƙarshenta ya zo shekara goma kacal kafin Rumfa ya hau gadon sarauta. Abin da maƙalar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ganuwa takan tsare birni, amma makomarsa tana rataye ne ga yadda ya yi da mutanen da suka shigo ta ƙofofinsa.

2.0 Madogara

Babban madogarar mai nazarin wannan zamani shi ne littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, sa'an nan aka sami ta Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Wajibi ne ɗalibi ya san cewa littafin yakan faɗi yawan shekarun da kowane sarki ya yi ne a kan mulki, kuma shekarun Miladiyya da muke haddacewa an same su ne ta hanyar lissafi da baya da baya. Saboda haka shekarun sarakunan farko ƙiyasi ne, na baya-baya kuwa sun fi ƙarfi, don akwai wasu rubuce-rubuce da ke mara musu baya. Da wannan sharaɗi za mu yi amfani da su a nan.

3.0 Mararrabu Huɗu a Tarihin Rum

Sarki Kustantin ya ƙaddamar da birninsa Kustantiniyya a shekarar 330, shi ne Istanbul na yau. A farkon ƙarni na 5, zamanin Sarki Tiyodosiyus na Biyu, aka kewaye birnin da ganuwar dutse wadda ta tsare shi ta ɓangaren tudu kimanin shekara dubu. Sunan wannan daula ba baƙo ba ne ga almajiri a ƙasar Hausa, domin akwai Suratur Rum a cikin Alƙur'ani mai girma, kuma malamanmu suna karantar da labarin wasiƙar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa sarkinsu Hiraƙla.

Mararraba ta farko ita ce yaƙin Yarmuk a 636, inda rundunar Musulmi ta karya ta Hiraƙla. Ƙasar Sham ta fita daga hannun Rum, Masar ta bi baya wajen 642. Amma kafin wannan rana Rum da Farisa sun shafe fiye da shekara ashirin suna gwabzawa har kowaccensu ta galabaita, ga kuma saɓanin aƙida tsakanin fadar sarki da Kiristocin Sham da Masar. Duk da wannan babbar hasara, birnin bai faɗi ba. Maslama ɗan Abdulmalik ya yi masa ƙawanya daga 717 zuwa 718, bai sami shiga ba.

Ta biyu ita ce yaƙin Manzikart a 1071, inda Sarkin Saljuƙawa Alp Arslan ya kama Sarkin Rum Romanos na Huɗu da ransa. Masana tarihi sun nuna cewa ɓarnar da aka yi a fagen fama ba ta kai wadda ta biyo baya ba, domin manyan Rum sun shiga rigimar sarauta, kowa yana gayyato Turkawa su taimake shi a kan ɗan'uwansa, har Anadolu, wadda ita ce rumbun daular da matattarar sojanta, ta suɓuce.

Ta uku ita ce shekarar 1204. Tun a 1082 Sarki Alaksiyos na Farko ya yafe wa fataken Banis kuɗin fito, a madadin taimakon jiragen yaƙinsu. Sannu a hankali ciniki ya koma hannunsu, ƙiyayya ta ƙullu tsakaninsu da 'yan gari, har aka yi wa fataken Turawan Yamma kisan gilla a cikin birnin a 1182. Da wani ɗan sarki mai neman gadon mulki ya gayyato mayaƙan gicciye, sai suka zo cikin jiragen Banis, daga ƙarshe suka fasa birnin suka washe shi a 1204. Rumawa sun ƙwato shi a 1261, amma ƙarfin da bai dawo ba.

Ta huɗu ita ce ranar 29 ga Mayu, 1453, sa'ad da Sarkin Usmaniyya Muhammadu na Biyu, mai laƙabin Alfatihi, ya ci birnin bayan ƙawanyar kwana 53, da taimakon manyan igogi. A lokacin kuwa daular ba ta wuce birnin da 'yan yankuna kaɗan ba.

Darasin da za mu ɗauka zuwa Kano shi ne, ranar yaƙi alama ce kawai da ake kafawa don tunawa. Juyin kansa yakan fara tun kafin ranar, a kasuwa ko a fada ko a wurin ibada. Idan muka nemi mararrabun Kano a jerin yaƙe-yaƙe kaɗai, to za mu wuce su ba mu gan su ba.

4.0 Mararraba ta Farko: Gina Ganuwa

Tun kafin Bagauda akwai mutane a kewayen Dutsen Dala, kuma binciken masu tonon ƙasa ya nuna ana narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, shugaban waɗannan mutane, da abin bautarsu Tsumburbura. Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga 999 zuwa 1063, baƙo ne a wurinsu, kuma zamansa ma a Sheme ya yi. Ke nan tun daga tushe labarin Kano labari ne na haɗuwar 'yan ƙasa da baƙi.

Jikansa Gijimasu (1095-1134) shi ne ya fara gina ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala ta. Wannan aiki ya sāke zaman jama'a ta fuska uku. Da fari, ba a gina ganuwa sai da aikin gayya mai yawa, kuma wanda ya iya tara mutane su haƙa ƙasa su ɗora, to ya zama mai iko a kansu. Na biyu, ganuwar ta kewaye gidaje da gonaki da ruwa, ta yadda mutanen karkara za su iya shigowa da dabbobinsu idan an kawo hari, su zauna har maƙiyi ya gaji. Na uku, ganuwa tana da ƙofofi, kowace ƙofa da mai tsaronta, watau sarki ya sami hanyar sanin mai shiga da mai fita da abin da ya ɗauko. Daga wannan lokaci aka sami bambanci tsakanin birni da ƙauye.

Sai dai ganuwa ba ta kashe gardamar da ke cikin gida ba. Jikokin Bagauda da masu bautar Tsumburbura sun ci gaba da ja-in-ja har zamanin Tsamiya (1307-1343), wanda ya ci ƙarfinsu ya rushe wurin bautar. Sarauta ta yi rinjaye da takobi, amma ba ta da wani abin da za ta haɗa zukatan jama'a a kansa. Wannan giɓi shi ne mararraba ta biyu ta cike.

5.0 Mararraba ta Biyu: Zuwan Wangarawa

Bisa ga Tarihin Kano, a zamanin Sarki Yaji (1349-1385) ne Wangarawa suka zo daga Mali, su kimanin arba'in, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, suka kira sarki zuwa ga salla ya amsa. Abin lura a nan shi ne abin da Yaji ya yi da su. Bai bar su a bayan gari a matsayin baƙi masu wucewa ba. Ya naɗa liman da ladan da alƙali da mai yanka daga cikinsu, aka kuma gina masallaci. Littafin ya danganta nasarar da Yaji ya samu a kan Santolo, babbar cibiyar masu tsohon addini, ga addu'ar waɗannan malamai.

A nan akwai saɓani da ya kamata ɗalibi ya sani. Wani littafi na ƙarni na 17 mai suna Aslul Wangariyyin, wanda Muhammad Al-Hajj ya buga a mujallar Kano Studies a 1968, ya sa zuwan wannan shehi ne a zamanin Rumfa, watau bayan Yaji da kimanin shekara ɗari. Ko wanne aka ɗauka, abu guda ya tabbata: fatake da malamai daga yamma su ne suka dasa ilmin Musulunci a Kano, kuma sunayen unguwanni irin su Madabo da Mandawari da Zaitawa suna riƙe da tarihinsu har yau.

Kada kuma mu ɗauka juyin ya kammala dare ɗaya. An ruwaito cewa Kananeji (1390-1410), wanda ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin kayan yaƙin Kano, ya koma ga bokayen kakanninsa sa'ad da Zazzau ta gagare shi. Umaru (1410-1421) kuwa, wanda ya gaje shi, malami ne da ya ajiye sarauta ya koma ga karatu da ibada. Waɗannan sarakuna biyu, ɗaya bayan ɗaya, sun isa su nuna mana yadda tsohuwar hanya da sabuwa suka daɗe suna ja a cikin fada guda. Amma rubutu da shari'a sun riga sun shigo, kuma sun haɗa Kano da duniyar da ta miƙe daga Tambutu har Alƙahira.

6.0 Mararraba ta Uku: Buɗe Hanyoyin Fatauci

Wannan mararraba ba ta da rana guda, kuma saboda haka aka fi mantawa da ita. A zamanin Dauda (1421-1438) wani ɗan sarautar Barno da ake kira Dagaci ya zo Kano da jama'a masu yawa, aka karɓe shi aka ba shi wurin zama. Abdullahi Burja (1438-1452) shi ne aka ce ya fara kai gaisuwa Barno, ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, kuma shi ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. A zamanin Yakubu (1452-1463) gishirin Azbin ya yawaita, Barebari da Larabawa suka riƙa zuwa suna zama, Fulani kuma suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, ƙari a kan na fiƙihu da hadisi da ake da su.

Idan muka haɗa waɗannan labarai wuri guda, za mu ga taswira ta fito. Goro yana fitowa daga Gwanja a kudu maso yamma, gishiri daga arewa, dawaki da kanwa daga gabas, Kano kuwa tana tsakiya da rini da saƙa da jima da ƙira. Gaisuwar da Burja ya kai Barno, wadda wani zai iya ɗauka ƙasƙanci ne, ita ce kuɗin da aka biya don hanya ta zauna lafiya.

Adalci ne kuma mu faɗi ɗaya ɓangaren. Shi wannan littafi da ya yabi Burja, shi ya ba da labarin hare-haren da Galadimansa Dauda ya riƙa kaiwa kudu, yana aiko da bayi, har aka kafa garuruwa 21 da su. Wani kaso na arzikin wannan zamani an gina shi ne da gumin mutanen da aka rabo da gidajensu da ƙarfi. Ba duk wanda ya shigo ta ƙofa ne ya shigo da son ransa ba, kuma mai nazari na gaskiya ba ya tsallake wannan shafi.

7.0 Mararraba ta Huɗu: Muhammadu Rumfa

Rumfa (1463-1499) ya gaji birni mai ganuwa da malamai da fatake, aikinsa shi ne ya ba kowanne mazauni tabbatacce. An lasafta masa sababbin abubuwa goma sha biyu. Daga cikinsu akwai gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, wadda har yau ita ce fadar Kano, da faɗaɗa ganuwa, da kafa Kasuwar Kurmi, da kafa majalisar Tara ta Kano, da sallar Idi a Shadakoko, da kakaki da figini da dawakin zage. Shi ne kuma ya fara kulle, ya fara ba babanni muƙaman sarauta.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da aikin da yake yi. Kasuwar Kurmi ta tara ciniki wuri guda a ƙarƙashin idon hukuma. Tara ta Kano ta sa manyan 'yan majalisa cikin sha'anin mulki bisa tsari. Ba babanni muƙami kuwa dabara ce ta samun bayin sarki waɗanda ba su da 'ya'yan da za su nemar wa gado, kuma abin sha'awa shi ne sarakunan Rum ma sun daɗe suna amfani da wannan dabara a fadarsu. Kakaki da figini kuma sun ɗaukaka kwarjinin sarki a idon talakawa da baƙi.

A zamaninsa ne, wajen 1492, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, ya zo Kano bayan ya baro Tuwat ya ratso ta Azbin. Ya rubuta wa Rumfa littafi mai babi takwas a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, wanda aka sani da Tajuddini, inda ya yi magana a kan tsara hukuma, da yin adalci, da tara dukiya ta halal da kashe ta inda ya dace, da haɗarin sarki ya ɓoye wa talakawansa. Daga Kano ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, amma zuriyarsa ta zauna, su ne Sharifan Kano. Da wannan aka sami ma'aunin da za a auna sarki da shi a rubuce, kuma malaman jihadi sun dawo ga rubuce-rubucen Almagili bayan shekara ɗari uku, sa'ad da suka tashi tuhumar sarakunan Haɓe.

8.0 Kwatanci

Ba nufinmu ba ne mu ce Kano da Rum girmansu ɗaya. Rum daula ce da ta taɓa mallakar ƙasashe a nahiya uku. Amma kwatancin yana koya mana abu biyu.

Na farko ya shafi baƙi. Rum ma a lokacin ƙarfinta ta iya haɗiye baƙo, har Armeniyawa suka zama sarakunanta, kamar Liyo na Biyar a ƙarni na 9. Amma fataken Banis an ba su gata ne ba tare da sun zama 'yan gari ba, ribarsu tana komawa ƙasarsu, biyayyarsu ma haka. Kano kuwa ta ba Wangarawa da Barebari da Larabawa da Fulani unguwa da muƙami da aure, har jikokinsu suka wayi gari Kanawa ne, Hausa suke yi. Uku daga cikin mararrabu huɗun da muka duba, baƙo ne ya kawo su, sarki kuma ya san yadda zai zaunar da shi.

Na biyu ya shafi iyakar amfanin ganuwa. Kwararrafa sun shiga birnin Kano a ƙarni na 17 duk da ganuwarsa, amma da suka juya kasuwa ta ci, makarantu suka buɗe, domin abin da Rumfa da magabatansa suka kafa ba ya ɗaukuwa a kan doki. A ɗaya ɓangaren kuma, kamar yadda rigimar sarauta ta raunana Rum kafin 1204, haka Basasar Kano da ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ta jigata ƙasar shekaru kaɗan kafin sojan Ingila su ci birnin a ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa tsakanin Bagauda da Rumfa Kano ta ratsa mararrabu huɗu: ganuwa, da zuwan Wangarawa, da buɗe hanyoyin fatauci, da tsarin Rumfa. Babu ɗaya daga cikinsu da za a ce ranar yaƙi ce, ko da yake yaƙi ya raka kowaccensu.

Saura mu, ɗaliban sashen Hausa. Wani zai ce wannan aikin 'yan sashen tarihi ne, amma ba haka ba ne. Tarihin Rum ya sami marubuta a kowane ƙarni, namu kuwa kaso mai yawa nasa yana cikin harshe ne: a sunayen unguwanni da ƙofofi, da kirarin sarakuna, da sunayen sarautu, da kalmomin da muka aro daga Larabci da Barbarci da Azbinanci. Wanda ya san harshen shi ya fi cancanta ya tono su. Ganuwa tana zaizayewa, ana gini a kanta, dattawan da suka san asalin sunayen kuma suna ta raguwa. Ya kamata kowane ɗalibi, ko a cikin birni yake ko a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, ya fara da unguwarsu: wa ya fara zama, daga ina ya zo, wa ya ba shi wuri, me ya sa aka raɗa mata wannan suna. Unguwannin bayan ganuwa, inda mutane daga ko'ina suke sauka a yau, su ne suka gaji aikin da ƙofofin birni suka yi a da, kuma yadda aka zauna da waɗannan baƙi shi ne abin da masu nazari na gaba za su auna mu da shi.

Muna fatan malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai za su gyara inda muka yi kuskure. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.